Ranar da Na Yi Dillancin Hano a Takanamat

Tun da na dawo daga arewa ba a bar ni na kurɓi shayi da daɗinsa ba. Duk wanda ya zauna a fadarmu ta bakin kasuwar dabbobi, kafin ya gaishe ni sai ya ce, Illa, ba mu labarin tafiyarka da 'yar boko. Na bayar da baki har muƙamuƙina ya gaji, labarin kuma ya shiga gari yana ta haihuwa. Kwanan nan wani mahauci ya rantse mini cewa zaki ya kore ni na hau kuka, alhali rabon da a ga zaki a Adar tun kakana yana da gashin kai. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata dillancin dabbobi ce a kasuwar Tawa. In ka kawo mini akuya mai tari, kafin la'asar zan sa mai saye ya yarda waƙa take yi. Da wannan bakin nake ci da iyali, da shi kuma na kusa yin ɓarnar da za ku ji.

Zalika ɗiyar ƙanwata Habsu ce. Tana karatu a jami'a a Yamai, fannin itatuwa da magungunan da ake samu a cikinsu. Da lokacin girbi ta zo gida da jaka cike da kwalabe da ambulan na takarda, ta ce aikinta na ƙarshe a kan hano ne, kuma dole ta je inda yake ta ɗebo da hannunta. Uwarta ta ce ba ta taka daji ita kaɗai. Ubanta yana Abijan wurin biɗa, 'yan'uwanta maza duk sun bi shi. Da aka duba dangi, sai aka ga ni ne namijin da rashinsa a gari ba zai hana komai tafiya ba.

Hano na san shi tun ina yaro. Itace ne mai ɓawo kamar takarda, ƙaronsa kuma in kakata ta jefa a garwashi, ɗaki sai ya kwana yana ƙamshi. Sassaƙensa ake jiƙa wa mai ciwon ciki, a wanke ƙuraje da shi. Amma da Zalika ta tambaye ni yaushe rabona da ganin itacen a tsaye, sai na tarar na manta. Ta ce fari ya ci wasu, awaki sun cinye ƙanana, masu sassaƙa sun gama da sauran, don in aka kware ɓawon itace ya zagaye, ya mutu ke nan a tsaye. An gaya mata akwai 'yan kaɗan da suka rage a bayan Takanamat, wani tsoho yana gadinsu.

Na tambaye ta me za ta yi da shi wanda kakata ba ta riga ta yi ba. Ta ce abu biyu take son aunawa. Za ta shanya ganye da ɓawo a inuwa, ta daka, ta jiƙa, ta tace, sannan ta ɗiga ruwan a farantin da aka shuka funfuna a ciki, dangin wadda ke kawo makero a kan yara. In funfunar ta ja da baya ta bar fili kewaye da ɗigon, to akwai magana. Na biyun sai da ta yanka yalo ta ajiye a gabana, muka zauna muna kallon bakin yankan yana yin duhu. Ta ce yadda iska ke ɓata yankakken yalo, ƙarfe kuma ya yi tsatsa, haka jikin mutum ke da irin tasa tsatsar a ciki, kuma wasu itatuwa suna da abin da ke rage mata gudu. A ɗakin gwajinsu akwai wani ruwa mai launin shunayya, in aka ɗiga masa irin wannan abin sai ya koma rawaya.

Na ce, "Wato dai maganin tsufa."

Ta ce, "Kawu, ban ce ba. Ban ma auna ba tukuna. Kuma faranti daban, jikin mutum daban. Don Allah kada ka ce na ce."

Na yi mata alkawari da zuciya ɗaya. Zuciyar kuwa ta riƙe alkawarin. Baki ne ba a yi shawara da shi ba.

Muka kama motar 'yan kasuwa ranar da kasuwar Takanamat ke ci. Buɗaɗɗiya ce, irin wadda in ka ga ta cika, direba zai ce yanzu aka kai rabi. Zalika aka ba ta gaba saboda kwalabenta. Ni aka ɗora ni bisa buhunan albasa, ƙafa ɗaya tana lilo a waje, ɗayar kuma ta ɓace cikin ƙafafun mutane, sai da muka sauka na gane ta da takalmi. Wata tsohuwa ta ba ni ajiyar zakara ta ce in riƙe mata ta gyara zane. Zanen bai gama gyaruwa ba sai a Takanamat.

A shingen fita gari jandarma ya karɓi takardu. Ya duba na Zalika, ta jami'a da ta ma'aikatar gandun daji, ya mayar mata da ladabi. Katina kuwa ya daɗe yana juyawa. Hoton an ɗauke shi ne zamanin ina da suma da wuya. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce, "Baba, katin ɗanka ka ɗauko." Na ce masa ni ne, albasa ce ta canza ni. Ya miƙo mini yana dariya, ya ce in je in sake hoto kafin a kama ni da satar saurayi.

Daga nan jar ƙasa da gargada, can gaba kuma rairayi. Duk inda mota ta kafe, direba ya leƙo ya ce maza su sauka. Na tura motar nan har na fara zaton ita ce fasinja. An yanke hatsi, dammuna na tsaye a gonaki, amma muna yin arewa gonakin na raguwa, garken shanu da raƙuma na ƙaruwa.

Masaukinmu gidan Agali ne, wani Buzu makiyayi da na daɗe ina sayar masa da awaki a Tawa. Shi ya saba kwana a zaurena, ni ban taɓa taka nasa ba. Yana da ɗakin laka mai kyau da ƙofar ƙarfe, amma buhuna ya zuba a ciki, shi da iyali suna cikin bukkar tabarma a tsakar gida. Ya ce ɗakin laka ba ya barin mutum ya ji motsin dabbobinsa. Matarsa ta ja Zalika ciki, mu muka shiga gaisuwa. Mu a Tawa daga tsallaken titi muke gaisawa, kowa da abin da maƙogwaronsa ya iya. Su kuwa a miƙa hannu a shafa a janye, a sake miƙawa, murya ƙasa-ƙasa kamar akwai marar lafiya a kusa, a tambayi kowa da kowa har jaki. Aka kawo tukuɗi, hatsi da cuku da dabino a dake a dame. Hurarmu in ka sha inuwa kake nema. Wannan in ka sha, abokin kokawa kake nema. Agali ta ƙarƙashin rawani yake kai ludayi, na yi ta leƙe ko yau zan ga bakinsa, ban dace ba.

Shi ya san tsohon da ke gadin itatuwan, ya ce sunansa Ɓaidu, ƙauyensu yana bayan wani dutse, gobe da safe zai kai mu a amalanken jaki.

Da rana Zalika ta tafi ofishin magajin gari ta nuna takardunta, ni kuma na shiga kasuwa. Nan aka samu matsala. Dillali a tsakiyar kasuwa ba igiya a hannu, ji nake kamar na fito ba wando. A rumfar mai shayi na tarar da 'yan kasuwar da suka san ni, suka tambayi me na zo saye. Na ce ba dabba ta kawo ni ba. Sai ɗaya ya ce ai ya gan ni ɗauke da jakar yarinya, Illa ya karye ya koma ɗan dako. Rumfa ta ɗauki dariya.

Da gaskiya na fara. Na ce ɗiyata ce, daga Yamai ta zo, hano take bincike. Sai na ga idanu sun dawo kaina, sana'a ta motsa. Na ce a jikin hano akwai abin da ke hana jiki tsatsa. Na ce wanda ya sha sassaƙensa, furfura za ta ba shi haƙuri ta koma inda ta fito. Na ce tsohon da ya yi mako yana sha, sai an ɗaure shi ranar kokawa. Wani ya tambayi ina ake samu, na ce ai ga shi nan kusa da ku wurin Ɓaidu, kuna zaune kuna tsufa a banza. A gefen rumfar akwai wani ɗan magori da ya baza saiwoyi a tabarma, da 'yar lasifikarsa. Na ga ya kashe ta don ya saurare ni. Daɗi na ji. Tsoro ya kamata in ji.

Washegari muka hau amalanke. Jakin Agali dattijo ne mai ra'ayi, ba ya wuce aduwa bai tsaya ya gaishe ta ba. Muna tsakiyar hanya ƙaya ta huda taya, Agali ya sauka ya cusa mata tsummoki da ciyawa, muka ci gaba da tafiya kamar amalanken yana ɗingishi. Rana ta yi sama sosai kafin mu hango dutsen. Agali ya daɗe yana kallon ƙasa, sawun jakuna ga shi nan birjik har da na babur. Ya ce, "Yau hanyar ga ta ga mutane." Nan na tuna da abin da na faɗa a rumfar mai shayi.

Itatuwan suna kan wani fako mai tsakuwa, ba su cika yatsun hannu biyu ba. A gabansu taro ne kamar ana rabon sadaka: dattawa masu farin gemu, tsofaffin mata da ƙore, samarin da iyaye suka aiko da gatari, ɗan magori a gaba da buhu. Wani tsoho siriri ya jingina bayansa da itace ɗaya, ya gitta sanda a gabansa. Shi ne Ɓaidu. Itacen da ke kusa da shi kuwa an riga an same shi, an kware gefe guda tun daga ƙirjin mutum har ƙasa, wurin ya yi jajir yana tsatsar ƙaro. Kafin tsohon ya iso daga gida aka yi wannan.

Zalika ta diro, ta je ta ɗora tafin hannu a kan raunin. Ba ta dube ni ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta juya ta yi wa mutane magana a fili. Ta ce ba ta auna komai ba tukuna, ba ta san wani maganin tsufa ba, kuma in aka kware itatuwan nan yau za su mutu, gobe in ɗan wani ya kwana da ciwon ciki ba inda za a je. Suka saurare ta da mutunci. Sai ɗan magori ya ce ai dole ta faɗi haka, so suke su kwashe su kai Yamai su dawo mana da shi a kwalba, kawunta kuwa ya riga ya faɗi gaskiya jiya a gaban shaidu. Duk kawuna suka juyo wurina.

Na san masu saye. In sha'awa ta riga ta shiga, ka ce kayan ba na sayarwa ba ne, ƙara musu ƙaimi ka yi. In na ce ƙarya na yi, za su ce yarinyar ce ta harare ni. Amma dillali ba yabo kaɗai ya iya ba. In mai saye ne ya aike mu, kushe muke yi, mu zagaya rago mu nemo masa aibin da mai shi bai taɓa gani ba. Sai na gyara hula, na je na fara zagaya Ɓaidu hannu a baya.

Na ce, "Baba, tun yaushe kake shan hano?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Tun ina goye."

Na tambaya ko yana fashi, ya ce ba ya yi. Sai na juya ga jama'a na ce to ga wanda ya fi kowa sha a ƙasar nan, a zo a duba kaya kafin a saya. Na roƙe shi ya buɗe baki. Ya buɗe. Na leƙa na ce kasuwa ta watse, ko rumfa ɗaya ba ta rage ba. Na nuna gwiwoyi, na ce in ya durƙusa sai an ji ƙararsu har garin Tebaram. Na nuna baya, na ce wannan ko ba a kira salla ba yana ruku'u. Aka fara dariya daga baya, ta taho gaba.

Ɗan magori ba wawa ba ne. Ya bari dariyar ta lafa, ya ce a tambayi tsohon shekarunsa. In mutum ya ga jikokin jikoki kuma yana tsaye da sanda yana tare gari guda, ai maganin ya ci.

 Na ga wani saurayi ya gyara riƙon gatarinsa. Na juya wurin tsohon. Ɓaidu ya dubi itatuwansa, ya dube ni, ya nuna ni da haɓa.

Ya ce, "Ni? Wanga mai tumbin ya girme ni. Ranar da anka yi sunana shina cikin masu rabon goro."

Wata tsohuwa ta saki ƙwaryarta ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Dattawan nan, waɗanda Ɓaidu ya ga ranar da aka yaye su, suka yi ta dariya har da hawaye. Kowa ya san ƙarya ce, amma saurayin ya ajiye gatari don ya share ido, bai sake ɗauka ba. Sai wani dattijo ya matso ya ƙare mini kallo, ya ce yanzu ya tuna ni, ni ne na taɓa sayar masa da tunkiya mai ido ɗaya na ce kashe ido take yi don kunya. Wani ma ya tuna nasa. Kafin a jima an buɗe mini shari'a a kan fako, kowa da dabbar da na yaba masa. Ban taɓa jin daɗin zubewar mutuncina irin na ranar ba. Na tsaya ina amsa laifi ɗaya bayan ɗaya, har da na dillalan da ban sani ba.

Mutane suka fara kwance jakunansu. Ɓaidu ya ce musu wanda ke da marar lafiya a gida ya zo kamar kullum, zai ɗebar masa da hannunsa. Ɗan magori ya so ya tafi da abin da ya kware, tsohon ya taka bakin buhun da sanda, bai ɗaga ba har mutumin ya zazzage. Ɓawon nan Zalika aka ba, don haka ba ta sa wuƙa a jikin ko itace ɗaya ba. Ganye kawai ta tsinka, kaɗan daga kowanne, tana sawa a ambulan. Ɓaidu yana biye da ita yana nuna mata yadda yake ɗiba: faɗin tafin hannu, gefe ɗaya, kuma ba ya komawa kan itace sai ya warke. Ta ce haka malamansu ma suka koya musu. Suka yi ta hira kamar sun shekara tare, ni ko kallo ban ishe su ba.

Hukuncina kuwa Ɓaidu bai manta da shi ba. Ya sa na ɗebo ruwa a rijiya, na kwaɓa laka da kashin shanu, na shafe raunin nan da hannuna tun daga sama har ƙasa. Yana zaune a inuwa yana cewa, Yaya, ka bar wuri a can, Yaya, ƙara kauri. Na tambaye shi ko zai rayu. Ya ce an bar masa ɓawo a gefe ɗaya, sauran sai abin da damina ta faɗa. Sannan ya kai mu gida aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu, ya ce ba zai sa hannu ba sai babba ya fara.

A hanyar dawowa Zalika ba ta yi mini magana ba, ko a amalanke ko a mota. Sai da muka sauka a tashar Tawa ta miƙo mini jaka ta ce, "Yayan Ɓaidu, riƙe mini." Na san an yafe mini rabi. Uwarta kuwa da ta ji labari, ta ce dama ta san an aiki garwashi gadin auduga.

Zalika ta koma Yamai wurin farantanta. In na kira ta na tambayi funfuna ta ja da baya ko ruwan ya koma rawaya, sai ta ce ana kan aiki, kuma ko an gama ni ne na ƙarshen ji a Nijar. Ban ga laifinta ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne itacen. Hano da rani zubar da ganye yake yi ƙaf, mai rai da matacce duk kamarsu ɗaya. Kowace ranar kasuwa sai na tare mutanen arewa in tambaya, su ce yana nan tsaye, ni kuma na san tsayuwa ba shaida ba ce. Haka na ci rani. Sai bayan ruwa ya zauna Agali ya zo da awakinsa, ya kwance gefen rawani ya fito da wani ɗan reshe ya ajiye mini a tafin hannu. Ganye ne ɗanye shar, ya ɗan yi yaushi saboda hanya. Ya ce daga wanda na shafa wa laka ne. Rassan gefen raunin sun bushe, amma ɗaya gefen ya yi ganye har yana inuwa. Na murza shi na shinshina, na zauna a kan turken awaki ina ta juya shi a hannu, har wani ya tambaya ko ba ni da lafiya.

To, labarin ke nan, ba zaki ba kuka. Na san abin da za ku tambaya yanzu, don duk wanda na ba labarin nan da ita yake ƙarewa: wane ƙauye ne? Ku cika mini gaba da tsire, ku haɗa da shayi mai madara, ba za ku ji ba. Ɓaidu ma ba sunansa ba ne, ni na raɗa masa. Takanamat kuwa ta kowace kusurwa tana da baya, kuma kowane baya da dutsensa.